A DAINA SAYAR MANA DA FITILAR DA BA A SAN KANTA BA

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani sabon kaya da ya shigo mana ƙauye, wato fitilar nan mai kama da igiya wadda ake liƙawa a bayan akwatin talabijin, ta riƙa haska bango da irin launin da ke kan gilashin. Ni manomi ne, ina kuma da ɗan shago a bakin kasuwar garinmu inda nake sayar da tocila da batir da cajar waya. Karatuna bai wuce firamare ba, to amma abin da zan faɗa da kuɗina na saye shi, har mutuncina ma ya so ya bi bayan kuɗin.

Bayan kaka na sayar da masara buhu uku na shiga birni sari. A wani shago na ga akwati a kunne ana nuna ƙwallo, bangon da ke bayansa ya yi kore shar kamar fadama, da aka nuna sararin sama sai ya koma shuɗi. Na tsaya na saki baki. Mai shagon ya ce ai wannan shi ake yayi, kuma akwai mai araha daidai aljihun mutanen karkara. Ya zaro kwali daga ƙarƙashin kanta, hoton da ke jiki iri ɗaya da abin da na gani a bango. Na sari guda goma sha biyu ban ce a gwada mini ko ɗaya ba. Laifina ke nan, ba zan ɓoye shi ba.

Cikin mako guda na sayar da bakwai. Mai gidan kallon ƙwallo ya ɗauki biyu, wani maƙwabcina kuma ya sayi ɗaya don a sa a ɗakin 'yarsa da za ta tare. Kwana uku da biki sai ga shi a bakin shagona da fitila a leda. Ya ce, "Malam, wannan abin naka ba ruwansa da talabijin. In jariri ya yi kuka ta canza launi, in akuya ta yi kuka a tsakar gida ta canza, in an yi shiru ita ma ta yi shiru." Mutane suka yi ta dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige, don mutumin nan tare muka tashi, kuma a gaban surukansa aka kunna ta.

Na kwashi kayan na kai wa wani mai gyaran rediyo da talabijin a garin da muke cin kasuwa. Shi ya zaunar da ni ya warware mini zare da abawa, kuma shi nake so jama'a su ji. Ashe fitilun nan kala uku ne, kwalinsu ne kawai ke kama da juna. Ta farko, wadda aka sayar mini, ba ta ganin hoto sam. Wani ɗan kunne ne a jikinta mai jin ƙara, sai rimot da kake zaɓar launi da hannunka. Ko shekara ka yi kana gyara ba za ta bi talabijin ba, don ba lalacewa ta yi ba, haka aka yi ta. Ta biyu tana da 'yar kyamara da ake ɗorawa a tsakiyar saman akwatin, ita ke leƙen gilashin tana gaya wa fitilar launin da za ta bayar. Ta uku kuwa wani ɗan akwati ne ake sawa tsakanin dikoda da talabijin, hoton ya ratsa ta cikinsa ta wayar nan da ake kira HDMI. Ya ce asalin abin ma ba sabo ba ne, kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da talabijin mai irin wannan fitila a jikinsa tun 2004, suna kiranta Ambilight, a 2019 kuma aka fito da ɗan akwatin na HDMI mai sunan Philips. Mu ne dai labari bai iso mana ba sai yanzu da masu araha suka cika kasuwa.

Na koma birni. Bayan doguwar magana mai shagon ya karɓi biyar ɗin da suka rage, na yi ciko ya ba ni masu kyamara guda biyu. Bakwai ɗin da na sayar kuwa, daga aljihuna na mayar wa kowa kuɗinsa.

To Malam Edita, ko mai kyamarar ma sai da ta ba ni wahala, kuma a nan na gane cewa yawancin abin da muke cewa "ta lalace" ba lalacewa ba ne. Ranar da na ɗaura wa mai gidan kallo, sai muka ga launin hagu yana fita a dama, na dama a hagu. Ɗan wasa mai jar riga na gudu a wannan gefe, bango na yin ja a wancan. Dalili shi ne, in ka zagaya bayan akwati hagunka ya zama daman mai kallo, ni kuwa na fara liƙawa daga kusurwar da ba ita ba. Akwai 'yan kibiyoyi a jikin igiyar da ke nuna inda za a faro da inda za a nufa, ban kula da su ba. Wasu ana iya juya su daga cikin wayar hannu, wasu kuwa sai an ɓamɓare an sake, kuma gam ɗin in ya tashi sau ɗaya ba ya kamawa kamar da. A goge ƙurar bayan akwatin tukuna kafin a liƙa, kada kuma a karya igiyar a kusurwa kamar ana karya kara, don akwai siraran hanyoyin wuta a ciki, in suka tsinke duk abin da ke gaba ya mutu.

Sai maganar wuta, wadda ita ce babbar matsalarmu. Mutane da yawa na ganin ramin USB a bayan talabijin sai su soka fitilar a nan, don a huta da neman soket. A duba rubutun da ke gefen ramin. Galibi za a ga 5V 0.5A, wani kuma 1A. Ita kuwa fitila mai tsawon mita uku ko huɗu abin da take ci ya fi haka nesa ba kusa ba, musamman in hoton ya yi fari, lokacin ne kowane ƙwai ke kunna launukansa uku gaba ɗaya. Alamar yunwar wuta a fili take: farkon igiyar fari tas, ƙarshenta ya koma rawaya ko ja-ja, ko ta riƙa ƙifta ido, ko ta ɗauke ta dawo. Kamar ban ruwa ne a lambu, in ruwan ya yi kaɗan kunyar farko ta sha ta ƙoshi, ta ƙarshe ko laima ba ta samu ba. Maganin shi ne a yi amfani da adaftar da ta zo da ita. In ta ƙone, a nemi mai lamba iri ɗaya. Kada a ce ai bakin ya shiga, a soka ta 12V a fitilar 5V, nan take za ta tashi aiki. Haka kuma masu janareta, a bar injin ya daidaita kafin a kunna, a kuma kashe kafin mai ya ƙare ya fara tari, don wannan hawa da saukar wuta shi ke cinye adafta.

Ita kyamarar ido ce, duk abin da ke damun ido yana damun ta. In akwai ƙwan lantarki a ɗakin yana haska gilashin, ko taga a buɗe da rana, ita ba ta san bambanci ba, sai ta ɗauka hoto ne ta riƙa ba da fari-fari. A gidan kallon nan mun yi kwana biyu muna zargin kaya, ashe ƙwan da ke rataye a tsakiyar rumfar ne. Muka matsar da shi baya, magana ta ƙare. Lokacin hunturu kuma ƙura na rufe idon kyamarar cikin 'yan kwanaki, launi ya dusashe, sai a sa ƙyalle mai laushi a goge. In yaro ya taɓa ta ta karkace, dole a sake saita ta da wayar hannu, a nuna mata kusurwoyin gilashin ɗaya bayan ɗaya. Wannan saiti ba na tsallakewa ba ne, kuma yana son babbar waya. Wanda ƙaramar waya mai tocila gare shi, ya san da haka tun kafin ya biya. Bango ma da nasa. Bangon jar ƙasa ko mai shuɗin fenti yana shanye launi ya gurɓata shi, sai an shafa farar ƙasa, an kuma ɗan janye akwatin daga bango kamar faɗin tafin hannu ko fiye, hasken ya samu wurin bazuwa.

Mai ɗan akwatin HDMI ban saye ta ba, ta fi ƙarfina, amma ga abin da ya kamata mai saye ya sani. Abin da ya ratsa ta cikin akwatin kaɗai take gani. In dikodarka da wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, ka haɗa ta, babu abin da za ta yi maka. In fim ɗin Hausa ka tura a filashi ka soka a jikin talabijin, kamar yadda akasarinmu ke yi, ko kana kallon YouTube daga cikin talabijin ɗin kansa, nan ma ba ta gani. Mutum ya zuba kuɗin taki buhu guda ko fiye ya zo ya tarar da duhu.

Na san akwai masu cewa duk wannan almubazzaranci ne, mutumin da tun cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 yake auna fetur da kwalba me ya kai shi ƙawata bango? Ban ce ba su da gaskiya ba. Ni kaina ban sa a ɗakina ba. Sai dai mai gidan kallo sana'a yake yi, ya ce mini samari sun fi cika rumfarsa yanzu, kuma ɗan haske a bayan akwati ya fi sauƙi ga ido a kan kallo cikin baƙin duhu. Wanda sauƙin idon kaɗai yake so, ƙaramar farar fitila a bayan akwatin ta ishe shi, ba sai mai kyamara ba. Kowa ya san aljihunsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kunna wa mutum kala ɗaya a bango, a miƙa masa wata kala a kwali.

Don haka ina kira ga manyan 'yan kasuwa da ke shigo da kayan nan su ji tsoron Allah su riƙa faɗin kalar da suke sayarwa. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su sa doka cewa kayan wuta sai an gwada a gaban mai saye, kuma a rubuta masa rasit da sunan kayan. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wato SON, ita ma ta duba kwalayen da ke ɗauke da hoton abin da ba shi ne a ciki ba. 'Yan'uwana ƙananan 'yan tireda kuma, mu da muke sayar wa mutanen da muke haɗuwa da su a masallaci da wurin suna, kada mu sari abin da ba za mu iya yi wa mutum bayaninsa ba. Gwajin ma ba wuya: a ce wa mai shago ya buɗe kwalin da zai ba ka, ya haɗa, ya kashe muryar talabijin gaba ɗaya. In fitila ta ci gaba da bin hoto, ita ce. In ta tsaya cik sai ka tafa hannu ta motsa, to irin tawa ce.

Guda bakwai ɗin nan suna nan rataye a shagona. Na rubuta a kwali da babban baƙi cewa ta kiɗa ce, ba ta bin hoto, na kuma karya kuɗinta. Masu gidan biki sun ɗauki biyu, saura biyar.

 

Naka mai karatu kullum,
Manomi kuma ɗan tireda.