Takalmin Yaro Ba Kayan Sallah Ba Ne

Ina neman afuwar mai karatu tun daga farko, domin na san ba za a rasa wanda zai ce, a wannan zamani da mutanen Zurmi da Shinkafi ke kwana da ido ɗaya a buɗe saboda 'yan bindiga, wane irin rashin aikin yi ne zai sa malamin jami'a ya ɗauki alƙalami ya yi rubutu a kan ƙafar yara da farcensu? Wanda kansa bai tsira ba, ina shi ina zancen ƙafa? Tambaya ce mai nauyi, kuma zan dawo kanta. Amma kafin nan bari in faɗi abin da ya tunzura ni.

A daminar da ta wuce na je Ƙauran Namoda sada zumunci, sai na ga ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara bakwai, yana ɗingishi da tsumma a ƙafa. Na tambayi uwar abin da ya same shi, ta ce, "Yaya, ƙaya ce kawai ya taka, an ɗiga masa man ja an ɗaure." Mako biyu ke nan da takawar. Da na sa aka kwance tsumman, sai ga tafin ƙafa ya kumbura ya ɗuri ruwa, yana wari, jikin yaron kuma da zafi. Muka kai shi asibiti aka tsaga wurin, aka zaro guntun ƙayar, aka yi masa allura aka ba shi magani. Ba wannan ne ya fi ba ni takaici ba. Da muka dawo gida na tambaya ko yaron ba shi da takalmi, sai aka jawo wata leda daga ƙarƙashin gado, ga sabon takalmi fil da aka saya masa da ƙaramar Sallah. An ɓoye ne, wai don kada ya lalata shi kafin wata Sallar.

Ni ba likita ba ne, nazarin harshe na karanta, shi nake koyarwa, saboda haka ta ƙofar da na sani zan shiga. Masana harshe suna cewa idan kana son sanin abin da al'umma ta daɗe tana fama da shi, to dubi yawan sunayen da ta ba shi. Bahaushe yana da faso, da kaushi, da cin ruwa, da sartse, da tuntuɓe, da gyambo, da gwame, da tundurmi, da kurkunu, kusan duk a ƙafa suke sauka. Abin da Bakano ke kira farce, wasu sun san shi da ƙumba, mutanen yamma kuma da akaifa. Wannan wadata ta nuna mun san ƙafa da cututtukanta tun kaka da kakanni. Sai dai a lura da yadda muke furta su in yaro ne suka kama. Ba ma cewa miki, sai mu ce ɗan miki. Ba ma cewa ƙaya, sai mu ce ƙaya ce kawai. Da wannan "ɗan" da wannan "kawai" muke ƙanƙanta ciwo a baki, har ya ƙanƙanta a zuci, alhali a jikin yaron girma yake yi. Haka kuma a duba kalmomin da takalmi ke tafiya da su a bakinmu: ado, kwalliya, gayu, kayan Sallah. Ban taɓa jin uwa ta jera takalmi da gidan sauro ko allurar rigakafi a jimla ɗaya ba, alhali kuwa can ne muhallinsa.

Me ke shiga jikin yaro ta ƙafa? Na farko akwai wata tsutsar ciki mai shan jini. Ƙwanta yana fita da bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai danshi da ɗumi, irin ta bayan gari da fadamun Gagare da Bunsuru da damina. 'Ya'yan tsutsar, waɗanda ido ba ya gani, su huda fatar ƙafa su bi jini zuwa huhu, daga nan a haɗiye su su sauka hanji su maƙale, su yi ta zuƙar jini kullum. Sai ka ga yaro ya ɗashe, ya yi sanyi, ba ya gane karatu, a ce masa malalaci ko daƙiƙi. Ba mu kaɗai abin ya taɓa sama ba. A kudancin Amurka sai da attajirin nan Rockefeller ya kafa hukuma ta musamman a 1909 don yaƙar wannan tsutsa, kuma makamansu ba su wuce uku ba: magani, da masai, da takalmi.

Na biyu, kuma mafi ban tsoro, shi ne ciwon sarƙe haƙora. Ƙwayar cutarsa tana zaune a ƙasa, musamman inda akwai kashin dabbobi, wato a turke da garke da kasuwar dabbobi da gonar da aka zuba wa taki, kuma ta fi samun gindin zama a rauni mai zurfi mai ƙaramin baki, irin na ƙaya da ƙusa da kututturen kara. Allurar rigakafin da ake yi wa jariri a mako 6 da 10 da 14 tana ɗauke da kariya daga gare shi, amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sa Zamfara cikin jihohin da suka fi ƙarancin yaran da suka kammala rigakafi. To yaron da ba a yi wa allura ba, ba shi da takalmi, ya taka ƙusa, aka cusa masa toka ko baƙin mai ko ƙasa aka ɗaure da tsumma, me aka rage wa cutar? Abin da ya kamata shi ne a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a nufi asibiti a ranar. Ba na ma buƙatar tsayawa kan kunama da kububuwa, da rushin wuta da ke kwance cikin toka a juji. Hausawa sun ce yaro bai san wuta ba sai ya taka, amma ba su ce mu tsaya muna kallo har ya taka ba.

Kada a fahimce ni baibai. Ban ce tafiya ba takalmi cuta ce a kanta ba, kuma ba na cikin masu ganin wayewa ita ce a cusa ƙafar jariri cikin sau-ciki tun bai fara rarrafe ba. Wani bincike da aka buga a 1992 a kan yara 2,300 a Indiya ya gano cewa shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, wato wanda ba shi da lanƙwasar tsakiya, ya fi yawa ga yaran da suka tashi da takalmi, musamman rufaffe, fiye da waɗanda suka tashi ba shi. A tsakar gida da aka share, ko a kan tabarma, a bar yaro ya taka ƙasa ƙafarsa ta yi ƙwari. Inda nake magana shi ne hanya, da gona, da juji, da bakin masai, da turke. Haka nan takalmin da ya matse shi ma bala'i ne. Ƙafar yaro tana girma cikin 'yan watanni, amma mu sai uba ya je kasuwar Shinkafi ran Alhamis ya sayo takalmi da ƙiyasi, ko a ba ƙane na wansa ko ya yi masa ko bai yi ba. A tafi da yaron, ko a auna ƙafarsa da kara a tafi da karan, a bar sarari kamar faɗin babban yatsa tsakanin bakin takalmi da yatsun.

Daga matsin takalmi ne ake samun farcen da ke shiga nama, musamman na babban yatsa, sai kuma daga yadda muke yankan farcen. Masu yankan farce da ke yawo da almakashi suna alfahari da kewaye farce su ƙwaƙule gefe da gefe har sai ya yi sumul, iyaye mata kuma suna yi da reza. Wannan ƙwaƙular ce ke sa farcen, in ya tashi tsirowa, ya soki nama, wurin ya ja ruwa. Farcen ƙafa a miƙe ake yanke shi, ba a zurfafawa, ba a taɓa kusurwa. Sannan almakashi ɗaya da ya bi yatsun mutum ashirin a tasha, in ya fitar da jini, yana iya ɗaukar ciwon hanta daga wannan ya kai wa wancan. Kowane gida ya mallaki abin yankan farcensa. Kuɗinsa bai kai na katin waya ba. Cin ruwa kuwa, wanda ke sa tsakanin yatsu ya yi fari ya tsage yana ƙaiƙayi, danshi ne abincinsa. Mun ci sa'a muna koya wa yara alwala tun suna shekara bakwai, har da tsettsefe yatsu. Abin da ya rage shi ne a koya masu tsane tsakanin yatsun kafin su zura takalmin roba.

Yanzu in koma ga mai tambayar farko. Amsata ita ce, rashin tsaron ne ma ya sa maganar ta zama dole. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda tun 1929, amma har gobe ƙafa ce motar talaka, kuma idan aka tayar da ƙauye cikin dare, da ita yaro ke gudu, cikin ƙarangiya da tsidau, ba wanda ke tsayawa neman silifa. Yaron da ya iso gari da faffashewar ƙafa, ya kwana a kangon makaranta ko rumfar kasuwa inda babu masai, shi ne ya fi kowa kusa da duk abin da na lissafa a sama. Ƙari a kan haka, ƙafa tana ba da labarin abin da ke cikin jiki. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF, bayan ta auna dubban yara tare da ma'aikatar lafiya ta jiha, ta bayyana cewa ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi yana fama da tamowa. Ɗaya daga alamomin mafi munin nau'inta a ƙafa take fara bayyana: ka danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa, ka ƙirga uku, ka ɗaga, in gurbin ya zauna bai ciko ba, to ba ƙiba ba ce, kumburi ne, kuma ba a kwana da shi a gida. Haka jaririn da ya wuce wata shida, ƙafafunsa da hannayensa suka kumbura yana tsala kuka in an taɓa, sau da yawa wannan ne sallamar farko ta amosanin jini, wato sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita. Uwar da ta saba duba ƙafar ɗanta kowane dare ita ce za ta fara ganin waɗannan.

Akwai kuma wanda ya fi ci mini rai, wato jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe, tafin yana kallon ciki. Kusan ɗaya cikin kowace haihuwa dubu haka take zuwa. A wurinmu sai a ce halitta ce, ko a jingina abin ga iska, a bar shi ya girma yana taka gefen ƙafa, ƙarshenta a same shi a bakin titi da ƙoƙon bara. Alhali kuwa wani likita mai suna Ponseti ya daɗe da fito da hanyar gyara ba tare da babbar tiyata ba: a riƙa lanƙwasa ƙafar a hankali ana sa mata filasta, wadda jama'a ke kira siminti, ana sauyawa mako-mako har kamar sau biyar zuwa takwas, galibi a ɗan saki jijiyar dunduniya, sannan yaro ya riƙa kwana da wani takalmi mai sanda har ya kai shekara huɗu ko biyar. Fiye da tara cikin goma suna miƙewa su yi tafiya kamar kowa, in an fara da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ungozoma da ma'aikacin ƙaramin asibiti su ne ya kamata su san wannan, su tura iyaye Gusau ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano tun kafin a yi arba'in.

Kada wani ya ce ba za mu iya ba. Mu da muka yi ƙuruciya a shekarun 1980 mun ga kurkunu da idonmu, mun ga manya da yara zaune da tsinke suna naɗe tsutsa daga idon sawu, damina tana wucewa gona ba noma. A 1988 an ƙirga masu ita sama da 650,000 a Nijeriya. A 2008 aka ga ta ƙarshe, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun rabu da ita. Ba da allura aka yi ba, da ƙyallen tace ruwa aka yi, da rijiyoyi, da mutanen ƙauye da aka koya wa abin da za su duba. Irin wannan nake roƙo. Malamin firamare da ke duba farcen hannu da haƙora a layin safe, ya sunkuya ya duba ƙafa. Malamin allo, wanda almajiransa suka fi kowa taka ƙasa, ya sa takalmi cikin abin da zai nema daga uban yaro ranar da aka kawo shi, kamar yadda yake neman allo. Masu kai agaji sansanonin gudun hijira, da Hukumar Zakka da Waƙafi, da 'yan siyasarmu da ba sa gajiya da rabon atamfa da babura, su sa takalman yara da sabulu a cikin buhun.

Shi kuwa ɗan ƙanwar tawa, ya warke bayan mako uku. Ranar da zai fara fita, uwar ta ɗauko takalmin nan daga leda ta ce ya sa. Ya tura ƙafa, ya tura, ta ƙi shiga. Ya yi masa kaɗan.