Kafin a Kafa Tashar Nukiliya a Geregu, Wa Ke da Ikon Cewa a Kashe Ta?



Duk lokacin da babban layin wutar lantarki na ƙasa ya faɗi, sai tsohuwar magana ta dawo a dandalinmu: Afirka ta Kudu tana da tashar nukiliya ta Koeberg tun 1984, Masar ta fara gina tata a El Dabaa a 2022, to mu me muke jira? Masu faɗin haka ba mahaukata ba ne. Duk wanda ke da shagon walda a Agege ko injin niƙa a Sabon Ibadan ya san nawa man janareta ke ci daga ribarsa. Amma ina ganin tafin da ake yi ya zo da wuri, kuma ina so mu yi wannan gardamar a fili tun kafin a zuba siminti.

Maganar ba tatsuniya ba ce. An daɗe da ware wurare biyu, Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom, kuma a 2017 Najeriya ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Rosatom na gwamnatin Rasha. Geregu tana gefen Ajaokuta, a bakin kogin Neja. Direbobin tirelarmu suna bin yankin dare da rana, muna da 'yan kasuwa a Lokoja, muna da masunta a kan ruwan nan. Saboda haka kada wani ya ce mana wannan batun 'yan boko ne na Abuja.

Ni tambayata guda ce. Ranar da injiniya ya ga tsatsa a inda bai kamata ba, ko ya gano takardar ingancin wani ƙarfe ta jabu ce, wa ke da ikon cewa a kashe tashar yau, ko da rabin ƙasa zai kwana cikin duhu, ko da minista ya bugo waya, ko da zaɓe saura wata biyu? Idan babu irin wannan mutum, kuma babu dokar da za ta kare shi washegari, to ba mu shirya ba, ko da Rasha za ta ba mu tashar kyauta.

Masu goyon baya suna son su ce fasahar zamani ta kawar da haɗari, Chernobyl ta 1986 tsohon zance ne na Tarayyar Sobiyet. To mu bar Chernobyl, mu je Japan, ƙasar da ba wanda zai ce mata ba ta san aiki ba. A ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa ta katse wutar da ke shiga tashar Fukushima daga waje, sannan igiyar ruwan teku ta shanye janaretocin dizal da aka ajiye a ƙasan gini. Mutane da yawa ba su san cewa tukunyar nukiliya ba ta hucewa don an kashe ta ba. Man da ke cikinta yana ci gaba da fitar da zafi kwanaki da makonni, dole famfo ya riƙa zagaya da ruwa, famfo kuma sai da wuta. Da wuta ta ƙare, tukwane uku suka narke, aka kwashe mutum sama da dubu 150 daga gidajensu.

Abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne abin da aka tono daga baya. Tun 2008 lissafin cikin gida na kamfanin TEPCO ya nuna igiyar ruwa za ta iya haura mita 15, alhali an tsara kariyar tashar ne a kan mita 5.7. Ba a gyara ba, hukumar sa ido kuma ba ta tilasta ba. Kwamitin bincike na majalisar dokokin Japan ya fito a 2012 ya ce wannan bala'i aikin ɗan Adam ne, kuma ya ɗora laifin a kan haɗin baki tsakanin gwamnati da masu sa ido da kamfanin. Dalili kuwa a bayyane yake: hukumar sa idon tana zaune ne a cikin ma'aikatar tattalin arziki da masana'antu, wadda aikinta shi ne tallata nukiliya. An ba kura ajiyar nama. Sai da aka yi asara sannan aka rushe ta aka kafa sabuwa mai cin gashin kanta a watan Satumbar 2012.

Amurka ma, da ta raba masu tallata nukiliya da masu sa ido tun 1975, ta kusa shiga uku a tashar Davis-Besse ta jihar Ohio. Hukumar NRC ta so a dakatar da tashar a duba ta kafin ƙarshen 2001, kamfanin ya roƙi a ɗaga masa ƙafa, aka bar shi ya kai tsakiyar Fabrairun 2002. Da aka buɗe a watan Maris, sai aka tarar sinadari ya cinye ƙarfen murfin tukunyar mai kaurin kusan inci shida, ya bar rami, abin da ya rage yana riƙe da matsin ruwan bai kai rabin inci ba. A Koriya ta Kudu kuma, a 2012 da 2013, aka gano an sa dubban kayan gyara da wayoyi a tashoshi da takardun inganci na jabu, aka rufe tashoshi, aka gurfanar da mutum kusan 100. Ku sake karanta wannan: takardun jabu, a Koriya. Sannan ku tuna yadda ake karɓar kwangila a nan, da yadda bene ke rushewa a Legas bayan an ce an duba shi an sa hannu.

Yanzu mu dawo gida. Muna da hukumar sa ido, NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa, ta fara aiki a 2001. Akwai ƙwararru a cikinta, ba na raina su. Kuma za a ce mini ai muna da tukunyar nukiliya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004, ba a taɓa jin wani abu ya faru ba, har a 2018 aka canza mata mai aka mayar da na farko mai haɗari zuwa Sin lami lafiya. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne ga mutanen cibiyar. Amma ƙarfin ta Zariya kilowat 34 ne, ta bincike ce. Irin wadda Rasha ke ginawa a Masar kowace guda megawat 1,200 take bayarwa. Wanda ya iya kiwon ɗan akuya a bayan gida ba a ce ya iya tsare garken giwaye.

Sannan ina NNRA take zaune? A ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Man Fetur, ma'aikatar da ke kula da kamfanonin da su ne manyan masu amfani da sinadarai masu tururin nukiliya wajen auna rijiyoyin mai. Yarjejeniyar Tsaron Nukiliya ta duniya, wadda Najeriya ke cikinta, ta ce a raba mai sa ido da mai tallata harkar, a kuma ba shi isasshen kuɗi da ma'aikata da iko. Hukumar da ke jiran a sakar mata kasafinta daga hannun gwamnatin da ta ci bashin biliyoyin dala ta gina tasha, ta yaya za ta kalli gwamnatin nan ta ce a kashe? Kowace rana da tasha ke rufe bashi na ƙaruwa, kuma wanda ya bayar da umarnin rufewar shi za a fara nema a sauke.

Tarihinmu da abubuwa masu guba bai ba ni ƙwarin gwiwa ba. A 1988 aka jibge dubban gangunan sharar guba daga Italiya a garin Koko, aka ajiye su a filin wani bawan Allah, ba jami'an tashar ruwa ba ne suka tona asirin, sai da labari ya fito daga waje. A 2002 wasu sinadarai biyu masu tururin nukiliya na kamfanin Halliburton suka ɓace a yankin Neja Delta, aka je aka tsince su a Jamus cikin tarkacen ƙarfe. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, kuma likitocin agaji na waje ne suka fara buga ƙararrawa, bayan kaburburan yara sun yi yawa.

Batun tarkacen ƙarfe ya shafe mu kai tsaye, domin 'yan jari bola da dilolin ƙarfe a Legas da Fatakwal da Onica yawancinsu yaranmu ne. A 1987 a garin Goiania na Brazil wasu masu tsintar ƙarfe suka ɗauko wata na'urar asibiti da aka yi watsi da ita, suka fasa, suka sayar wa mai bola. Ya ga gari mai sheƙi shuɗi ya kai gida ya nuna wa iyali. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida, kusan 250 suka gurɓata. Ku tambayi duk mai bolar da kuka sani ko ya san alamar nan mai ganye uku, baƙi a kan ruwan ɗorawa, ko akwai wanda ya taɓa zuwa da na'urar awo ya bi ta kan kayansa. Amsar da zai ba ku ita ce ma'aunin shirinmu na gaskiya, ta fi duk takardar da aka sa wa hannu a otal.

Akwai kuma matsalar layin wutar kansa. Ƙa'idar da masana ke bi, wadda hukumar nukiliya ta duniya IAEA ke ambata, ita ce kada inji guda ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin ƙasa. Mu abin da ke isa ga jama'a yana yawo ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. Tukunya guda mai 1,200 ta kai kusan rubu'in wutar ƙasar. Idan ta tsaya farat ɗaya za ta iya jan layin duka ƙasa, layin da ita kanta take buƙata don sanyaya cikinta. Ba mu manta watan Oktoban 2024 ba, lokacin da Arewa ta shafe kwanaki a duhu saboda an lalata turakun wuta an kasa gyarawa da wuri. A irin wannan rana, rayukan mutanen Ajaokuta da Lokoja za su rataya ne a kan janaretan dizal da kuma amanar wanda aka ba kwangilar cika tankinsa.

Wasu za su ce wannan raina kai ne, sai yaushe za mu daina cewa ba za mu iya ba? Ni ban ce ba za mu iya ba. Na ce a fara da abin da ba ya jawo bikin yanke kyalle. Majalisar tarayya ta fitar da NNRA daga ƙarƙashin kowace ma'aikata, ta ba ta kuɗinta kai tsaye, ta sa wa shugabanta wa'adin da ba za a iya tsige shi ba sai da amincewar majalisa. A wajabta buga rahoton kowane bincike ga jama'a, har da Hausa da Igala da Ibira da Ibibiyo, yadda mai kamun kifi zai ji a rediyo. A fito da yarjejeniyar da aka yi da Rosatom mu ga wa zai biya diyya idan abu ya ɓaci, kuma ina za a kai sharar man da aka gama amfani da shi. A gwada mana atisayen kwashe jama'a a kan hanyar Lokoja zuwa Okene, mu ga awa nawa za a yi idan tirela ɗaya ta kife.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu da sarakunan Hausawa na Kogi da Akwa Ibom su rubuta wa 'yan majalisarsu waɗannan tambayoyi a rubuce, da sa hannu, su nemi amsa a rubuce. Su kuma shugabannin 'yan jari bola su nemi NNRA ta turo jami'anta kasuwanninsu da na'urar awo, ta koya wa yara gane alamar nan. Wannan ba sai an jira Rasha ba, wata mai zuwa ma ana iya farawa.