A BAR MOTA TA SHAƘI ISKA MAI SANYI

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in jawo hankalinku ga wani abu da ke ƙarƙashin bonet ɗin mota wanda ba a cika kula da shi ba, watau bututun da injin ke shaƙar iska ta cikinsa. Akwai masu motoci, musamman samari masu kallon motocin tsere a waya, waɗanda suka ɗauka cewa in an naɗe wannan bututu da takarda mai ƙyalli don kare shi daga zafin injin, to, mota za ta ƙara ƙarfi, kuma za ta rage shan mai. Ni a nawa ra'ayi akwai gaskiya cikin maganar, amma gaskiyar 'yar kaɗan ce, kuma an bar jaki ana dukan taiki. Zan kawo dalilaina daga abin da muke koyo a ajin kimiyya, sa'an nan kowa ya auna da kansa.

Da farko dai ya kamata mu san abin da ya haɗa injin da iska. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda gawayi ke yin ja in an danna zuga-zugi. Wuta ba ta ci sai da iska, kuma cikin iskar ma oksijin take bukata, wanda shi ne kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Injin mota shi ma wuta ce ke ci a cikinsa. Tun daga injin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya ƙera a 1876 har zuwa na yau, aikin ɗaya ne: fistin ya zuƙo iska da makamashi, ya matse su, a kunna musu wuta, sa'an nan a fitar da hayaƙi ta salansa. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone sarai, sai ya sami kilo 14.7 na iska. Ashe ke nan abin da mota ke sha na iska ya ninka na mai nesa ba kusa ba, sai dai ita iska ba a biyan kuɗinta, shi ya sa muke mantawa da ita.

To, ina ruwan zafi a ciki? Iska in ta yi zafi buɗewa take yi, ta yi sako-sako. Wani Bafaranshe mai suna Jacques Charles ya gano haka wajen 1787, kuma dokarsa tana cikin darasinmu. Silinda kuwa girmanta ɗaya ne kullum, kamar mudu. In aka cika mudun da iska mai zafi, oksijin da ke ciki bai kai na iska mai sanyi ba. Ga lissafi mai sauƙi. A watan Afrilu zafin rana a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. A ce iskar da ke cikin bonet ta kai digiri 70, abin da ba wuya in mota ta daɗe cikin cunkoso. In muka ƙara 273 a kan kowanne kamar yadda dokar ta ce, mun sami 313 da 343. In aka raba na farko da na biyu, za a ga iskar cikin bonet ta gaza ta waje nauyi da misalin kashi 9 cikin 100. Oksijin ya ragu, man da za a iya ƙonawa ya ragu, ƙarfin injin ma tilas ya ragu.

Bayan wannan akwai wata illa. Iska mai zafi takan sa fetur ya fashe da kansa cikin silinda kafin wutar fulogi ta gama bin sa, har a ji wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, musamman in mota na hawa tudu da kaya. In abin ya yi yawa yana lalata fistin. Motocin zamani suna da na'urar da ke auna zafin iskar da ke shiga, da wata mai sauraron wannan ƙara. Da zarar kwamfutar mota ta ga haka, sai ta jinkirta wutar fulogi don ta ceci injin. Shi ya sa direba kan ji motarsa ta yi nauyi da tsakar rana, ya taka totur amma ba ta amsawa kamar yadda take yi da asuba.

Har zuwa nan na yarda da masu naɗe bututu: iska mai sanyi ta fi. Inda muka rabu shi ne wurin da iskar ke ɗaukar zafin. Mu ɗauki injin mai lita 2 yana juyi 3,000 a minti ɗaya, an taka totur har ƙasa. Kowane juyi biyu yana zuƙar kusan lita 2, watau kusan lita 3,000 a minti, ko lita 50 a daƙiƙa ɗaya. In faɗin bakin bututun santimita 7 ne, iskar tana gudun mita 13 a daƙiƙa. Bututu mai tsawon rabin mita kuwa za ta wuce shi cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa. Wanda ya gifta ta bakin gidan burodi a guje ba ya gasuwa. Saboda haka in mota tana tafiya sosai a kan titi, zafin da iska ke kwasa daga jikin bututu kaɗan ne ƙwarai, naɗe shi kuwa ba zai kawo canjin da direba zai ji a ƙafarsa ba.

Inda naɗin ke da ɗan amfani shi ne cikin gari. In mota ta tsaya a cunkoso injin na aiki a hankali, iskar da ke wucewa kaɗan ce, ba ta sauri, ga shi babu iskar hanya da ke ratsa bonet. Nan ne bututu da akwatin iska kan jiƙa da zafi, kuma in hanya ta buɗe sai an ɗan yi tafiya kafin su huce. Haka kuma in bututun na ƙarfe ne, ko ya bi ta kusa da kan salansa inda ta haɗu da injin, wurin da zafinsa kan wuce digiri 500 in injin na aiki tuƙuru. Malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa zafi na tafiya ta hanya uku: ta taɓawa, ta motsin iska ko ruwa, da kuma ta haskakawa, irin wanda mutum ke ji a fuska in ya zauna nesa da murhu. Takarda mai ƙyalli ta ukun take tarewa, tana mai da shi baya kamar madubi. Dabarar da ke cikin fulas ɗin shayi ke nan, wanda James Dewar ya ƙirƙiro a 1892. Har motar nan mai tsada ta Ingila, McLaren F1, wadda aka fito da ita a 1992, an shimfiɗe ɗakin injinta da takardar zinariya saboda wannan dalili. Amma fa motar da ke kai mu makaranta ba tsere take yi ba.

Babbar tambaya a nan ita ce: daga ina bakin bututun ke ɗebo iska? Masu ƙera mota ba su yi akwatin iska don ado ba. Sun yi shi da roba mai kauri wadda ba ta saurin ɗaukar zafi, suka kuma miƙa bakinsa gaba, wajen fitila ko saman lagireto, inda zai shaƙi iskar waje. Abin takaici shi ne yadda wasu ke cire wannan akwati su jefar, su ɗaura wata filta mai kama da mazurari tsirara cikin bonet, don kawai mota ta riƙa gurnani in an taka ta. Ita wannan filta iskar da fanka ta huro ta cikin lagireto take sha, alhali ruwan da ke cikin lagireton yana wajen digiri 90. Sa'an nan mai motar ya sayo takardar ƙyalli ya naɗe bututu, ya ce yana maganin zafi. Wannan daidai yake da a zuba tafasasshen ruwa cikin fulas a zauna ana jiran ya yi sanyi. An je neman ƙiba an samo rama.

Ga kuma ƙura. Kowace shekara da hunturu iska na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, ta lulluɓe mu da hazo. Wannan ƙura in ta shiga silinda sai ta riƙa goge ƙarfe kamar yashi, har injin ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi. Filtar takarda da ke cikin akwatin asali ta fi waɗannan masu araha tare ta. Wasu kuma don neman iska mai sanyi sukan saukar da bakin bututu can ƙasa kusa da taya. Da damina in aka shiga kududdufi, injin ya zuƙi ruwa. Ruwa kuwa ba ya matsuwa kamar iska, sai sandar fistin ta lanƙwashe nan take, a koma neman kuɗin sabon injin. Garin gyaran gira an rasa ido.

Akwai wani abu kuma da iyayenmu masu tsofaffin motoci ya kamata su duba. Motocin Turai masu kafireto da yawa an yi musu wata 'yar ƙofa a bakin matatar iska, wadda ke ɗebo iska mai ɗumi daga kan salansa da gangan. Dalili shi ne, a ƙasar sanyi da laima, fetur in yana zama tururi cikin kafireto yakan sanyaya wurin har ƙanƙara ta toshe shi. Wannan dabara ta yi musu daidai a can. Amma in irin wannan mota ta iso mana ta Kwatano, ƙofar ta maƙale a wajen ɗumi, to, za ta yi ta shan iskar salansa cikin bazararmu ba wanda ya sani. Gyara wannan 'yar ƙofa ya fi naɗin mita goma amfani.

Game da rage shan mai kuwa, kada a ruɗe mu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, duk wanda ya ce yana da dabarar rage shan mai yakan sami masu saurare. Gaskiyar ita ce, in iska mai nauyi ta shiga, kwamfuta ƙara mata mai take yi don lissafin nan na 14.7 ya daidaita. Abin da ake samu shi ne ɗan ƙarin ƙarfi da lafiyar injin. Mai son mai ya daɗe masa, ya duba iskar tayoyinsa da fulogoginsa, ya rage kayan da ba dole ba, ya kuma sassauta ƙafa a kan totur.

Saboda haka ga shawarata. Na farko, a bar akwatin iska na asali a wurinsa, in ya fashe a nemo irinsa, a kuma tabbata bakinsa na kallon waje. Na biyu, a riƙa duba filta, a canja ta in ta toshe, musamman bayan hunturu. Na uku, akwai wani faranti na ƙarfe da ake rufe kan salansa da shi don tare zafi. Wasu makanikai in sun kwance shi ba sa mayarwa, sukan ce ba ya aikin komai. Baba, in ka kai mota gareji, ka tsaya sai an mayar da shi. Na huɗu, in bututu ya bi kusa da salansa kuma ana so a naɗe shi, a nemi abin da aka yi domin wannan aiki, watau takardar alminiyam mai zaren gilas a bayanta, a juya ƙyallin wajen zafi, a ɗaure da waya, kada a rufe na'urar auna iska ko wayoyinta, a kuma riƙa goge ƙura, gama in ƙyallin ya dushe amfaninsa ya ragu. Kada a kuskura a sa tsumma ko soson katifa ko leda. Waɗannan suna tsotse mai, kuma kusa da ƙarfe mai digiri 500 gobara ce ake gayyata, a motar da ƙannenmu ke zaune a baya. Haka kuma a guji tsohon asbestos, domin ƙurarsa na jawo mugun ciwon huhu.

Wani zai ce yaro ɗan makaranta me ya sani da zai koya wa makanike sana'arsa? Ina girmama makanikai ƙwarai, domin su ne ke riƙe da motocin da a ƙasashen da aka ƙera su an daɗe da yar da su. Amma su hannu gare su, mu kuma an ba mu alƙalami, kuma sai an haɗa biyun aiki ke kyau. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da masu fetur na Turai tun daga 2001, suna da wata kafa kusa da sitiyari da ake jona ƙaramar na'ura, ta nuna zafin iskar da injin ke shaƙa. Ina roƙon kulob ɗinmu na kimiyya ya aro irin wannan na'ura, mu auna mota a tsaye da kuma a tafiye, da naɗi da kuma ba naɗi, mu buga sakamakon a mujalla ta gaba. In ma'auni ya nuna, gardama ta ƙare.

Iyayenmu na shan wahala kafin su sayi mota, su kuma riƙe ta. Kafin a kashe kuɗi a kan takarda mai ƙyalli, a fara buɗe bonet a ga inda motar ke numfashi. Rigakafi dai ya fi magani.