Kafin a Taɓa Saba, a Bar Mata Hanyar Komawa

Duk ɗalibin da ya taɓa yin rajista ta intanet ya san wannan magana: “Saba ta sauka, ana gyara.” Ga wanda ke kwana a hostel, abin haushi ne kawai, gobe ya sake gwadawa. Amma ɗan Kusada da yake gida hutu, wanda ya biya kuɗin mashin zuwa Kankia don ya zauna a kafe, ya tarar fotal ba ta buɗewa, wannan asara ce ta kuɗi da ta yini guda. In aka yi rashin sa'a ranar rufewa ta zo a haka, sai kuma tarar makara, alhali ba shi ya makara ba.

Ba kullum ne laifin netwok ko wutar lantarki ba. Wani lokaci mai kula da sabar ne ya sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da ita, na'ura ta sake tashi, wani abu ya ƙi aiki, kuma babu hanyar komawa yadda take jiya. Daga nan sai a kwana ana lalube.

Kada a ce ina cewa a daina sabuntawa. A watan Mayun 2017 ƙwayar WannaCry ta durƙusar da asibitoci da dama a Ingila, alhali tun watan Maris Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar. Waɗanda ba su sabunta ba su suka sha wuya. Sai kuma ɗaya gefen: ranar 19 ga Yulin 2024 sabuntawa guda ɗaya daga kamfanin CrowdStrike ta kashe kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Ka ƙi, ka sha kashi. Ka yi da garaje, ka sha kashi. To ina mafita?

Mafitar ta daɗe da samuwa, mu ne ba a koya mana ba. Akwai tsarin ajiyar fayil mai suna ZFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 2005. Abin da ya bambanta shi, ba ya rubutu a kan tsohon bayani. In za a canza wani abu, sai ya rubuta sabon a wani wuri. Saboda haka yana iya ɗaukar hoton faifai gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, kuma hoton ba ya cin wuri sai gwargwadon abin da ya canza bayansa. A kan wannan aka gina abin da zan kira mazaunin tashi: cikakken kwafin babbar manhaja wanda na'ura za ta iya tashi daga cikinsa. Solaris na yin haka da beadm, FreeBSD kuma tun fitowa ta 12.0 a Disambar 2018 tana zuwa da bectl.

Aikin ba wani sihiri ba ne. Kafin ka taɓa komai, ka rubuta bectl create ka ba mazaunin suna, ka sa ranar a ciki don kada ka rikice. Ka yi sabuntawarka a cikin sabon, tsohon na nan ba a taɓa shi ba. Sannan, kuma nan ne abin ya fi burge ni, ka rubuta bectl activate -t. Wannan ƙaramar t ɗin na nufin na'ura ta gwada sabon mazauni sau ɗaya tak. In ta tashi lafiya, fotal na buɗewa, ana iya biyan kuɗi, sai ka tabbatar da shi. In ta maƙale, a kashe a kunna, za ta koma tsohon da kanta. Ko maigadi aka kira a waya zai iya danna maɓallin. Aikin da zai ci kwana uku ya koma minti biyar. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari, ai ka bari ruwan ya sauko tukun.

Wayoyi da yawa da ke aljihunmu ma haka suke yi. Tun Android 7 a 2016 aka shigo da tsarin ɓangare biyu: ana zuba sabuwar manhaja a ɗaya kana amfani da ɗayan, in sabuwar ta ƙi tashi waya ta koma tsohuwar.

Na san abin da 'yan Kimiyyar Kwamfuta za su ce: wa ke amfani da FreeBSD a nan, kowa Ubuntu ko Windows. Gaskiya ne. Amma openSUSE na yin irin wannan da Btrfs da Snapper, in kuma sabar tana cikin Proxmox ko wurin kamfanin haya ne, akwai maɓallin ɗaukar hoto kafin a fara. Sunan kayan aikin bai dame ni ba. Tambayar ita ce, in abu ya ɓaci, minti nawa za a ɗauka a koma?

Sai dai fa a kula, mazaunin tashi ba ya maye gurbin ajiyar kwafi. Duk suna kan faifai ɗaya ne. In faifan ya ƙone, ko janareto ya turo wuta ta wuce kima, tsoho da sabo tare za su tafi. Sakamakon jarrabawa da bayanan biyan kuɗi dole a ajiye su a wani ɓangare dabam da babbar manhaja, in ba haka ba ranar da aka koma baya, rasit ɗin duk wanda ya biya a tsakani zai ɓace, ka je ka yi ta rantsuwa a ofis. Kuma kada mai kula ya yi saurin rubuta zpool upgrade, domin yana iya sa tsohon mazauni ya kasa karanta faifan, ka ga an rufe ƙofar da aka bari a buɗe.

Me ya shafi ƙungiyar ɗalibai? Ya shafe ta ƙwarai. Tunda JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015, kusan komai namu ya hau saba: neman gurbi, rajista, biyan kuɗi, duba sakamako. Shugabanninmu na zama da hukuma kan ruwa da wuta a hostel, to a ƙara wannan a takardar. A sanar da ranar gyara tun mako guda kafin ta zo, kada ta faɗo cikin makon rajista, a rubuta yadda za a koma baya kafin a fara, in kuma fotal ta kwanta yini biyu a ɗaga ranar rufewa da yini biyu ba sai an roƙa ba.

Ku kuma 'yan ND II da HND, ku sauke VirtualBox, kyauta ne, ku ɗora FreeBSD a kan ZFS, ku ƙirƙiri mazauni, ku lalata tsarin da gangan, sannan ku dawo da shi. Laftof mai RAM gigabait 4 ta isa, kuma in mutum ɗaya ya sauke fayil ɗin, sauran 'yan aji su kwafa a filash.