Sana'ar sanyaya wuri: Me ke jiran sabbin injiniyoyi a Najeriya?

A ranar 3 ga watan Afrilun 2024, zafi ya kai digiri 48.5 a birnin Kayes na ƙasar Mali, lokacin da wani matsanancin zafi ya game yankin Sahel, ciki har da Nijar da arewacin Najeriya.

Irin wannan yanayi ya sa firji da na'urar sanyaya ɗaki sun tashi daga kayan ƙawa sun koma abin buƙata, musamman a asibitoci, da wuraren ajiye alluran rigakafi, da kasuwannin kifi da tumatir.

A wani rahoto na shekarar 2018, Hukumar Makamashi ta Duniya ta yi hasashen cewa na'urorin sanyaya ɗaki a duniya za su ƙaru daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da shekarar 2050.

To ko matashin da ya kammala digiri ko babbar difloma a fannin injiniya zai ci moriyar wannan kasuwa?

Tsakanin takarda da sifana

A Turai da Amurka wannan fanni ya haɗa da ɗumama gidaje lokacin hunturu, amma a Najeriya kusan dukkan aikin na sanyayawa ne.

A makaranta ɗalibi yakan koyi lissafin zafin da ke taruwa a cikin gini, da girman na'urar da za ta iya da shi. To sai dai idan ya gama yi wa ƙasa hidima, yakan tarar da ƙofofi biyu, kowacce da makullinta.

Ƙananan ayyuka suna hannun masu gyaran firji da suka koyi sana'ar a wajen iyayen gidansu tun suna yara. Manyan kwangiloli kuwa, irin na otal-otal da bankuna, suna hannun kamfanonin da sukan nemi wanda ya riga ya goge.

Tun a shekarar 1973 hukumar ITF ta ɓullo da shirin tura ɗalibai masana'antu domin cike wannan giɓi, amma 'yan watanni ba sa mayar da ɗalibi gwani. Ita ma hukumar COREN mai yi wa injiniyoyi rajista sai mutum ya yi wasu shekaru yana aiki kafin ta amince da shi.

Inda ilimi zai yi rana

Sai dai akwai sauye-sauye biyu da ke ƙara wa mai ilimi daraja.

Na farko shi ne iskar gas ɗin da ake ɗura wa na'urorin. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, ana sa ran ƙasashe masu tasowa za su kusa daina amfani da iskar R-22 nan da shekarar 2030, saboda illarta ga rufin iskar da ke kare duniya daga haskoki masu cutarwa na rana.

Haka kuma gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya buƙaci ƙasashe irin su Najeriya su rage iskar HFC mai ɗumama yanayi da kashi 80 cikin 100 nan da shekarar 2045.

Wasu daga cikin masu maye gurbinsu, kamar R-290 da R-600a, suna kama wuta. Saboda haka ɗura gas bisa kintace, ko yin walda kusa da bututun da ke yoyo, na iya janyo asarar rai. A nan aikin yana buƙatar wanda ya san awo da ƙa'ida.

Na biyu shi ne tsadar makamashi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, an ƙara kuɗin wutar lantarki ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024. Mai otal ko asibiti a yanzu yana buƙatar wanda zai nuna masa da alƙalami yadda zai rage kuɗin wuta.

Wasu kuma sun juya ga hasken rana. Kamfanin ColdHubs, wanda aka kafa a 2015, yana girka ɗakunan sanyi masu aiki da shi a kasuwanni, inda 'yan kasuwa ke biyan kuɗin ajiyar kayan gwari.

Matakin farko

Duk da haka, injiniyan da bai iya gano inda gas ke zurara ba, da wuya wani ya damƙa masa ginin bene goma. Ga kuma tsadar kayan aiki, waɗanda akasari daga waje ake shigo da su, bayan faɗuwar darajar naira tun 2023.

Wannan ne ya sa hanyar da ta fi kusa ga da dama ita ce shafe shekara ɗaya ko biyu a shagon wani gwani, ko da kuwa bai kai su yawan karatu ba. Hausawa dai na cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Abin jira a gani shi ne ko jami'o'i da kwalejojin fasaha za su sabunta ɗakunan koyon aikinsu kafin wa'adin 2030 ya cika.