Waƙar Kakanni A Bakin Jitar Lantarki

A shekarar 2008 wani matashin Buzu daga jihar Tawa ta Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, da salon waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tsince su. A 2021 kamfanin Matador ya fitar masa da Afrique Victime, yau kuma ana lissafa shi cikin gwanayen kiɗan rok, alhali tushen kiɗansa na Buzaye ne, irin su takamba. A Yamai kuwa, ƙungiyar Tal National tana ɗauko waƙoƙin gargajiya na Hausawa da Zabarmawa da Fulani ta ɗora su kan jita da gangunan Turawa. Faifansu na 2018 ma sunan Hausa gare shi: Tantabara.

Wannan kiɗa ya riga ya iso wayoyin 'ya'yanmu a Wurogauri da Kalgo, iyaye kuma suna tambayar hukunci. Saɓanin ba sabo ba ne a ƙasar Gwandu. Shehu Usmanu ya sassauta a kan wasu kayan kiɗa a Najmul Ikhwan, ƙaninsa Malam Abdullahi kuwa ya tsananta a Liya'us Sulɗan. Wanda ya ƙaurace wa kiɗa gaba ɗaya yana da magabata, kuma mu can muka fi karkata.

Sai dai abin da ya fi damun mu ba jitar ba ce. Waƙar noma tana da gonarta, ta biki tana da ranarta, kuma masu sauraro sun san abin da take faɗa. Idan aka ciro ta aka kai ta dandalin rawa, amo ke tafiya, ma'ana ta tsaya a gida. Cikin waƙoƙinmu na da akwai masu zuga manomi, akwai kuma kirarin bori mai kiran iskoki. Yaron da amo ya ja ba ya bambance su.

Ga kuma haƙƙi. Faifan da aka sayar a Turai yana da mai shi a takarda. Tsohuwar da aka ji waƙar a bakinta, da makaɗin ƙauyen da ya adana ta shekara da shekaru, wa ke kai musu rabonsu?