Ƙwaron da ke gadin gero

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, manoman Bakura da Talata Mafara da Maradun suka saba da noman rani, kuma tare da shi suka saba da injin feshi, har ta kai yau da wuya a ambaci tsutsa a gona ba a tambayi sunan maganin da za a sayo ba. Alhali kuwa Ubangiji, cikin hikimarsa, ya sanya wa galibin ƙwari masu ɓarna abokan gaba daga cikin ƙwari 'yan uwansu, waɗanda, in an bar su da rai, za su karya lagon maɓarnacin ba tare da an biya ko kwabo ba.

Hujjar wannan magana tana nan kusa, a ƙasar Maraɗi, inda masanan cibiyar binciken noma ta Nijar, wato INRAN, suka daɗe suna yaƙar murzuna, tsutsar nan da ke sassaƙe zangarniyar gero, da wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor. Macen takan harbi tsutsar ta shanye mata jiki, sa'an nan ta saka ƙwai a kanta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Ana zuba tsabar gero a 'yan ƙananan buhunan algarara tare da wasu tsutsotsin kiwo da matan ƙwaron, a rataye a gonaki lokacin da gero ya fitar da kai, zuriyar da ta fito ta bazu da kanta. Haka kuma cibiyar IITA ta Ibadan ta ceci rogon Afirka daga ƙwarin da ke ɓata shi, bayan ta saki wani ƙwaro da aka samo daga Kudancin Amurka a 1981.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan ne nake ganin al'amarin ya wuce ikon manomi guda. Ƙwaron bai san iyakar gona ba, gubar feshi kuma ba ta bambance mai amfani da mai cutarwa. Saboda haka idan mutum ya rataye buhu, maƙwabcinsa ya wayi gari yana feshi, wahalar ta tafi a banza. Maslaha ce ta jama'a, wadda ba ta tabbata sai da ittifaƙin gari, sai hakimi da masu unguwanni da limamai sun sa baki, kamar yadda suke yi wajen tsai da ranar sakin dabbobi bayan girbi.

Kiwon ƙwaron ba ya bukatar manyan na'urori, kuma kwalejin aikin gona da ke Bakura ta isa ta ɗauki nauyinsa, ta horar da malaman gona su rarraba buhunan. A wannan zamani da zuwa gonar daji ya zama kasada, buhun da za a rataye sau ɗaya a komo gida ya fi dacewa da halin manomin Zamfara bisa ga feshin da ake maimaitawa.